Ƙarar Gizago a Matondoni

Tun kafin jirginmu ya taɓa gaɓa na jiyo ƙarar. Kaf, kaf, kaf, a ɗan saurara, a sake. Ban hangi mai yin ta ba, itatuwan bakin ruwa sun kare shi, amma ko cikin barci na ji wannan sauti na san gizago ne yake cin itace. Kakana na wajen uwa masassaƙi ne a wani ƙauye kudu da Kano. Turmi da taɓarya da akushi su suka ci da gidansa, kuma da wannan ƙarar nake farkawa duk hutun da aka kai ni wurinsa. Ban taɓa kawowa a raina zan sake jin ta a wani ɗan tsibiri na tekun Indiya ba, a hannun mutanen da abin da suke sassaƙawa ya fi ɗakin kakan nawa girma.

Tsibirin Lamu ke nan, can arewacin gaɓar Kenya, ba nisa da iyakar Somaliya. Aiki ne ya kai ni Mombasa, da na gama sai kwana 5 suka rage mini kafin jirgin komawa gida. Wani abokin aiki ɗan can ya ce in ina son ganin garin Suwahili da mota ba ta ɓata ba, in hau bas in yi arewa. Na hau. Malindi, Garsen, Witu, sai Mokowe, inda kwalta ta ƙare ruwa ya karɓa. A hanya mun sha sauka a shingayen bincike saboda dajin Boni da 'yan Al-Shabaab ke laɓewa a ciki, kuma duk inda aka zo kan koren fasfo ɗina sai an juya shi gaba da baya kamar ana tayin akuya. Ban ce uffan ba. Ɗan arewacin Najeriya ba ya buƙatar a yi masa bayanin shinge.

Ni mutumin tudu ne. Ruwan da na sani bai wuce madatsar Tiga da kududdufin bayan gari ba. Na taho da hoton jiragen katako masu farin ƙyalle a kaina, sai na tarar da layin jiragen faiba masu inji, yara na kiran fasinja kamar a tashar Unguwa Uku. Cikin ɗan lokaci suka watsa mana ruwan gishiri a fuska suka sauke mu a garin Lamu.

Garin dai an sha ba da labarinsa, ba zan tsaya a kai ba. Lunguna ne matsattsu, wasu in jaki ya taho da kaya sai ka manne da bango. Gidajen dutsen murjani ne da farar ƙasa, ƙofofi sassaƙaƙƙu, maza sun ɗaura zane da hula ba wanda ya kalle su (na tuna abin da za a ce da ni in na fito haka a unguwarmu, na yi dariya ni kaɗai). A 2001 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Kiran salla ta ko'ina. Harshensu kuwa, rabin abin da Larabci ya ba mu ya ba su: suna cewa habari muna cewa labari, kalamu alƙalami, sabuni sabulu. Da wannan, da ɗan guntun Larabcin makarantar allo, da Turancin wani saurayi matuƙin jirgi da na yi ciniki da shi, na ci kwanakina.

Daren farko, ina kwance a masauki, rufin ɗakin ya hana ni barci. Ɗakin dogo ne siriri, in ka miƙe a faɗinsa saura kaɗan ka taɓa bango biyu. Sama kuwa baƙaƙen sanduna ne jere reras, an ɗora daɓe a kansu. Na ce wannan ai azara ce. Da safe na tambayi mai gidan, wani dattijo mai jan gemu na lalle. Ya ce sunansu boriti, daga itacen mikoko ake saro su, itacen nan da ke tsirowa cikin taɓon ruwan gishiri, saiwoyinsa a waje kamar yatsun kaza. Gara ba ta cin su. Tsawon sandar shi ke yanke faɗin ɗaki, shi ya sa duk ɗakunan Lamu suka zama kamar zaure mai tsawo. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan doka: maginin Kano ma da tsawon azarar giginya yake shawara, sai dai shi ya ƙirƙiro bakan gizo ya kauce mata.

Dattijon ya ce, "Ɗana, ba mu kaɗai ba. Je ka tsofaffin gidajen Kuwaiti da Oman, ka ɗaga kai. Itacenmu ne."

Daga wannan sandar na fara gane dalilin da tsibirin da za ka iya ratsawa da ƙafa cikin 'yan sa'o'i ya zama garin masu ƙera jirgi. Ƙasashen Larabawa ba su da wadataccen itacen rufi, nan kuwa fiye da rabin dajin mikoko na Kenya a yankin Lamu yake. Ga kuma iska da Allah ya hore. Daga wajen Disamba zuwa Maris tana busowa daga arewa maso gabas, suna ce mata kaskazi. Daga wajen Afrilu sai ta juya ta taho daga kudu, kusi ke nan. Na je a watan Janairu, kaskazi na kan ganiyarta, sai na lura watanninta da inda take fitowa duk ɗaya ne da hunturunmu. Mu ƙura da kaushi take kawo mana, su kuwa a da dabinon Basra take kawo musu, da gishiri da busasshen kifi da dardumai, cikin manyan jiragen Larabawa da na Indiyawa. Baƙin su zauna su jira iska ta juya, wasu har su yi aure, sannan su koma da boriti da ake ƙirgawa ashirin-ashirin, kowane ƙulli korja guda. Akwai hauren giwa a cikin kayan. Akwai kuma mutane, bayi, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, ko da yake masu yi wa baƙi jagora sukan wuce shi da sauri.

Manyan jirage ba sa iya kutsawa cikin ƙoramun dajin. Dole a sami na gida da za su shiga taɓo su kwaso sanduna, su kai hatsi Mombasa da Zanzibar, su haɗa tsibiran Lamu da Manda da Pate da Kiwayu. Buƙatar da ta haifi sana'ar ke nan.

A gidan tarihi na bakin ruwa na ga kakan jiragen nan, wato samfurinsa, don na gasken ya ƙare. Sunansa mtepe. Na daɗe tsaye a kansa har mai gadi ya fara kallona. Jirgi ne da babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Ɗinka shi ake yi. A huda gefen katako, a huda na kusa da shi, a zura igiyar da aka tufka da sasarin ɓawon kwakwa, a ja a ɗaure, a toshe ramukan da 'yan turaku na itace. Abin da iska ke turawa ma ba ƙyalle ba ne, tabarma ce mai kusurwa huɗu. Goshinsa dogo, ya miƙa gaba kamar wuyan raƙumi, an zana masa idanu, an rataya masa tuntaye. Na tuna yadda matan ƙauyenmu ke ɗinke fasasshiyar ƙwarya, sai ga mutane sun ɗinke ƙwaryar da za ta ɗauki kaya da matuƙa ta shiga teku.

Da farko na ɗauka rashin ƙarfe ne ya sa su haka. Ashe akwai hikima. Gaɓar nan cike take da duwatsun murjani da tudun yashi a ƙarƙashin ruwa. Jirgin ƙusa in ya daki dutse tsagewa yake, ɗinkakke kuwa sai ya lanƙwasa ya ba da kai. Ibn Battuta, wanda ya kwana a Mombasa a 1331, ya kawo wannan dalili da yake bayanin igiyar kwakwa da ake ɗinka jiragen Indiya da Yaman da ita. Mutumin nan dai shi ne ya iso Takedda ta yankin Agadez a 1353, har ya ambaci Gobir. Tun kafin shi da fiye da shekara dubu, wani ɗan kasuwa mai rubutu da Girkanci a ƙarni na 1 ya ga ɗinkakkun jirage a wannan gaɓa ya rubuta. Mu ma ba baƙonmu ba ne gaba ɗaya, don a kogin Neja, wajen Jenne da Tumbutu, an daɗe ana haɗa jirgi da igiya. Aibin mtepe shi ne yoyo. Kullum akwai masu kwarfar ruwa a cikinsa, kuma igiyar ruɓewa take, sai an warware an sake ɗinki lokaci-lokaci.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ya ɓace. Jirgin da ya yi kusan shekara dubu biyu yana yawo, zuwa shekarun 1930 an daina ƙera shi. Da aka so a sake yin guda don gidan tarihin Zanzibar a 2003, sai da aka nemo masassaƙi daga tsibiran Lamu, aka haɗa abin da ya ji daga manya da tsofaffin hotuna da samfura. Tsakanin kaka da jika kawai, ilmin ya kusa zama tatsuniya.

Da wannan a zuciyata na nufi Matondoni a rana ta uku. Ƙauye ne a arewa maso yammacin tsibirin. Ana zuwa a ƙafa ko a jaki, tafiyar kamar awa 2 cikin yashi, amma matuƙina ya ce kunya ce a je garin masu jirgi a kan jaki. Sai dai ba mu muke da lokacin tashi ba, ruwa ke da shi. Sau biyu a yini teku take cika ta janye, in ka makara ka kwana a taɓo. Ya ce ƙarfe ɗaya za mu tashi. Na shirya sallar Azahar, ashe ƙarfe 7 na safe yake nufi, don su daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'a. Da ƙyar ya same ni ina shan shayi da wani soyayyen burodi mai kwakwa da suke kira mahamri.

Ba wata masana'anta a Matondoni. Fili ne a bakin ruwa, inuwar mangwaro da rumfar ganyen kwakwa, ɓawon itace ya rufe ƙasa har ƙafa na nutsewa. A tsakiya ga gangar jikin jirgi an tokare ta da sanduna, haƙarƙarinta a waje kamar raƙumin da aka feɗe. Gefe guda wasu tsofaffin jirage biyu sun kwanta a taɓo, ɗaya kaji sun mai da shi gida. Mata na saƙa tabarma a ƙofar gidaje. Warin wurin kuwa sai wanda ya je: ɗanyen itace, taɓo, da wani ƙarni mai hawa kai da na rasa ko na mene ne.

Mai gizagon tsoho ne siriri, ba riga, zane ɗaure a ƙugu, ya taka katako da ƙafa yana sara tsakanin yatsunsa. Irinsa suke kira fundi, wato gwanin sana'a. An riga an koya mini gaisuwar manya, na ɗan rusuna na ce, "Shikamoo, Mzee." Ya ce, "Marahaba," bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen layin da yake bi. Da matuƙi ya gaya masa daga Najeriya nake, kuma jikan masassaƙi ne, sai ya miƙo mini gizagon ta ƙota, ya nuna wani guntun reshe.

Na karɓa da ƙarfin hali. Ƙotarsa ta fi ta kakana tsawo, bakinsa ya fi faɗi. Sara na farko ya zame, na biyu ya nutse ya maƙale. Yaransa biyu suka juya baya suna dariya a ɓoye. Tsohon ya karɓi abinsa ya ce wani abu, matuƙi ya fassara: "Ya ce kakanka ne masassaƙi."

Daga nan muka saba. Na zauna a kan wani gungume har Azahar ina kallo ina tambaya.

Abin da na fara nema shi ne takardar zane. Babu. Ba awo a rubuce, ba ko layi a allo. Mai sayen jirgi zai zo ya ce yana son mai kamu kaza, su dhiraa suke cewa, zira'in nan dai na littattafan fiƙihu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Tsawon ƙashin bayan jirgi ke nan, doguwar sandar da ke kwance a ƙasa. Daga ita fundi yake fitar da sauran komai a kansa: faɗin ciki, zurfi, karkatar goshi. Ranar da za a kwantar da ita ana kiran malamai a yi addu'a, ranar turawa ruwa kuma a yanka akuya, gari ya fito a ja da igiya ana waƙa.

Kayan aikinsa duka za su shiga buhu ɗaya. Gizago, zarto, guduma, 'yan kurafun sassaƙa, da igiya siririya da yake tsomawa a shuni ya miƙe ta a kan katako ya ɗaga ya saki, ta bar masa layi. Sai abin huda, kekee, wanda ya fi burge ni. Sanda ce mai tsinin ƙarfe, an naɗe ta da igiyar wani baka, yaro na ja yana turawa kamar mai goge, tsinin na juyawa yana shiga. Suna da na lantarki, na gan shi rataye cikin leda, amma fundi ya ce yana da gaggawa, yakan ƙona rami ya tsaga katako, shi kuwa kekee hannu na jin abin da itace ke ciki. Kowace ƙusa sai an huda mata rami, a naɗa mata auduga a wuya, a buga, in ta fito ta ciki a lanƙwashe bakinta.

Na kalli yadda suka sa katako guda, ya ci musu kusan awa 2. An shafe shi da mai, an gasa shi a kan wuta, an danne gefe ɗaya da dutse ana murɗa ɗayan a hankali har ya ɗauki lanƙwasar cikin jirgi. Suka ɗaga suka gwada. Ni a idona ya zauna daram. Tsohon ya bi gaɓar da tafin hannu, ya shafa shuni a bakin na ƙasa, aka sake dannawa, aka sauke. Duk inda shuni ya taɓa, nan ne tudu. Ya ɗauke shi da gizago, ɓawon da ke fita bai fi kaurin farce ba. Aka mayar. Aka sauke. Sau 5 na ƙirga. Ko da ya gamsu, bai ce komai ba, tsaki kawai ya yi ya nemi ruwan sha.

Haƙarƙarin jirgi kuwa ba a lanƙwasa su, nemo su ake a lanƙwashe. Fundi kan shiga daji da kansa yana kallon rassa, ya ga gwiwar da ta dace da wuri kaza a jirgin da bai wanzu ba tukuna sai a kansa. Kakana ma haka yake, in muna tafiya gona sai ya tsaya gaban kirya ya ce ga turmi biyu da kujera. Na ɗaga wani reshe na sansana, na ji ɗacin da na sani. Darbejiya ce. Ya ce eh, mwarobaini, da ita da mangwaro da wani irin mikoko suke haƙarƙari yanzu. Katakon jiki a da mbambakofi ne daga dazukan tsallaken ruwa, ja mai nauyi, tsutsar ruwa ba ta son sa. Yau samunsa sai da takardar izini da dogon aljihu.

Warin nan ma na gano shi. In an gama jiki, sai a bi duk gaɓoɓi a cusa audugar da aka jiƙa da man kwakwa, ana bugawa da kurfi, aikin da suke kira kalafati. Sannan a shafe katakon da man hantar kifin shak, shi ne mai ƙarnin. Ƙasan da ke cikin ruwa kuma a dama farar ƙasa da kitse a shafe. Kitsen suna ce masa shahamu, kalmar Larabci ce. Rigata ta kwana biyu tana wannan wari, har mai masauki ya tambaye ni ko Matondoni na je.

Jirgin da suke yi mashua ne, matsakaici, na kamun kifi da ɗaukar yashi da dutse. Babban shi ne jahazi, mai miƙaƙƙen goshi da faffaɗan baya, wanda ya gaji mtepe. Masana da yawa na ganin faffaɗan bayan nan da yawaitar ƙusa sun biyo zuwan Turawan Fotugal ne, waɗanda suka iso Malindi a 1498. Ƙyallen jahazi, tanga, mai kusurwa uku ne, rataye a jikin wata doguwar sanda da ta karkata. A goshi kuma ana manna ɗan faifan katako mai wata da tauraro, idon jirgi. Yanzu an fi sayar da idon ga baƙi su rataya a falo fiye da yadda ake manna shi a jirgi.

Na tambaye shi yaushe rabonsa da jahazi babba. Ya ajiye gizago, karo na farko. Ya ƙirga da haihuwar wata jikarsa, wadda yanzu take makarantar sakandare.

"Inji ne ya kashe ku, Baba?"

Ya girgiza kai. Ya ce inji ai a jikin jahazi ma ana ɗaura shi. "Jirgi jaki ne, ɗana. Wa zai sayi jaki ba shi da kayan ɗauka?"

Na yi ta juya maganar nan, kuma da na bi tarihin sai na ga tsohon ya fi masu rubutu gaskiya. Ba rana ɗaya kayan suka ƙare ba. A 1907 aka haramta bauta a gaɓar, gonakin attajiran Lamu da bayi ke nomawa a tsallake suka koma daji, hatsin da ake lodi ya ragu. Kafin nan Ingilishi sun shimfiɗa layin dogo daga Mombasa, ya kai tafkin Victoria a 1901, ciniki duk ya koma can inda jiragen tururi ke tsayawa. Boriti ce ta riƙe Lamu bayan haka. Sai fetur ya fito a ƙasashen Larabawa, masu rufi da sanda suka koma siminti da rodi. A 1982 gwamnatin Kenya ta hana fitar da mikoko waje, don dajin ya fara ƙarewa. Hanin yana da hujja, ban musa ba, wanda ya ga yadda gatari ya cinye dazukanmu ba zai yi gardama ba. Amma ranar da aka sa hannu a takardar, an sa hannu a kan jahazi ma. Abin da ya rage masa shi ne dutse da yashi da buhunan siminti tsakanin tsibirai, sai tseren jirage lokacin Maulidi, wanda Habib Swaleh, malamin da ya zo daga tsibiran Komoro ya kafa masallacin Riyadha, ya mayar babban taron shekara.

Masu saye na yau baƙi ne da masu otal. Su kuma faffaɗan jirgi suke so, samfurin Mozambik, mai wurin shimfiɗa katifu a sha iska da yamma. Fundi ya ce yana yi, kuɗi ne. Ya faɗi haka da irin muryar da kakana ke magana in an kawo masa aikin ƙotar fartanya.

Yaran nan biyu da suka yi mini dariya, ɗaya ɗan ƙanwarsa ne, ɗaya almajiri. 'Ya'yansa na cikinsa ɗaya na tuƙa jirgin faiba a Mokowe, mai yiwuwa ma shi ya watsa mini ruwa, ɗaya na neman aiki a sabuwar tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 2021 a tsallaken Manda. Bai zarge su ba, ni ma ban ga laifinsu ba. Shekara nawa yaro zai yi yana jan kekee kafin a bar shi ya taɓa ƙashin baya? Mu jikokin masassaƙi mu goma sha ne, ba wanda ya iya fafe akushi, ga shi ɗayanmu ya zo har tekun Indiya ya ba da kunya. Abin da ya dame ni kawai shi ne babu takarda. Duk ilmin ƙera jahazin da ya rage a nan yana cikin kawunan tsofaffi 'yan kaɗan, kuma na riga na ga abin da ya sami mtepe.

Washegari a garin Lamu aka nuna mini wani abu da har yanzu ban gama yanke masa hukunci ba. Wani fundi sananne, Ali Skanda, da abokan aikinsa sun tattara robobin da teku ke zubarwa a gaɓa, aka narka aka zuba su suka zama katakai da haƙarƙari, ya haɗa jirgi da su yadda ake haɗa na itace, aka lulluɓe jikinsa da tsofaffin silifa kimanin 30,000. Flipflopi suka sa masa suna. Tsawonsa bai wuce mita 10 ba. An tura shi ruwa a 2018, a farkon 2019 ya yi tafiyar kusan kilomita 500 zuwa Zanzibar da iska kaɗai. Launinsa kamar zanen 'yar ƙauye ranar salla. Raina ya so ya raina shi, sai na tuna ledar da ta toshe kwatocin Kano ba wanda ya mai da ita ko da kujera. Kuma idon da ya fitar da siffarsa irin idon tsohon Matondoni ne, kayan ne kawai suka sauya, kamar yadda igiya ta taɓa ba ƙusa wuri. Sai dai ban sani ba ko roba na amsa gizago da irin waccan ƙarar, ban tarar ana aiki ba ranar.

Amma in koma Matondoni, don ban faɗi yadda muka rabu ba. Bayan Azahar a ɗan masallacinsu aka kawo shinkafa da kifi cikin romon kwakwa, muka ci a faranti ɗaya. Na so in ba tsohon wani abu, matuƙi ya ƙyafta mini ido, ya ce in sayi tabarma wurin matarsa ya fi. Na saya biyu. Da zan tafi na tsugunna na tsinci ɓawon katako guda cikin waɗanda ya fitar, siriri mai shuni a gefe, na sa a aljihu. Ya gani. Ya ce da matuƙi ya tambaye ni ko a garinmu itace ya ƙare ne.

Ruwa ya dawo wajen La'asar, ya ɗaga jirginmu daga taɓo. Na roƙi matuƙi kada ya tayar da inji. Shi da yaronsa suka ja igiya suna wani kirari, sandar ta hau tana ƙara, tanga ya buɗe, duk faci ne, har da na buhun fulawa. Kaskazi ta cika shi, jirgin ya kwanta gefe ɗaya, na ƙanƙame katako ina salati. Suka ce in koma ɗaya gefen in zauna kan buhun yashi, nauyina na da amfani. Daga nan sai shiru, ba ka jin komai sai ruwa na tsagewa da kukan igiya. Wani jirgin faiba ya wuce mu da gudu, fasinjojinsa na ɗaukar mu hoto da waya.

Muna shan kwanar da ta ɓoye ƙauyen, iska ta kawo ƙarar, ƙasa-ƙasa. Tsohon ya koma kan katako na gaba.